Ambulan a Ƙarƙashin Atamfa

Sallama gare ku, 'yan'uwa. Ku gyara zama, don yau ba kuka na kawo muku ba, kuri na zo yi. Duk wadda ta ga na cika baki ta yi haƙuri ta ji ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau muka fara haɗuwa, sunana Sadiƙa Umara. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma a Dawanau aka yanke min cibiya, inda Babanmu Alhaji Umara yake da rumfar wake da gero. Shekarata ashirin da takwas, kuma ni ce jami'ar kula da ma'aikata a wani asibitin gwamnati da ke can gaba da Zakirai. Ba zan faɗi sunan garin ba, na san halinku da bin diddigi. Ba na yin allura, ba na ba da magani. Aikina in tabbatar mai yin allurar ya zo, ya zo a kan lokaci, kuma gobe ma zai dawo. Duk wanda yake raina wannan aikin bai taɓa riƙe mutum talatin da huɗu da damina ba.

Ranar da na fara zuwa, shekara biyu da suka wuce, na tarar rajistar zuwa aiki ta cika fal tun ƙarfe takwas, amma ɗakunan ba kowa sai marasa lafiya da ƙudaje. Ashe mutum ɗaya ne yake zuwa da biro uku, baƙi da shuɗi da ja, ya sa wa kowa hannu. Rabin ma'aikatan 'yan gari ne, suna gona. Ɗaya rabin a birni suke kwana, suna jiran motar Sabiru. Ita ce bas ɗaya tilo da ke jigila tsakaninmu da Kano. Shida saura kwata na safe take barin garin da buhuna da kaji, sai wajen sha ɗaya ta dawo da ma'aikatana suna hamma. A durowar teburina kuwa, takardun neman canjin wurin aiki ne jibge, kowacce an maƙala mata katin wani babba.

Da farko na bi hanyar wanda na gada, na dinga rabon takardar tuhuma kamar goron suna. Wata guda ina yi, har ranar da na sayi ƙosai a bakin ƙofa aka naɗe min shi a cikin takardar da na sa wa hannu da kaina. Ina tsaye ina huci sai Baba Dabo mai gadi, wanda ya shekara ashirin da shida a kan bencin ƙofar nan, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri in faɗa miki. Ciyawa ba ta san Litinin ba. Mutumin da geronsa yake shaƙewa a gona, ko takarda goma kika ba shi, gonar zai tafi."

Na ji haushi, amma na ji magana. Na tara su a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin magani, na ɗauki littafi, na dinga tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya: yaushe za ka yi shuka, yaushe noman fari, yaushe maimai? Suka zuba min ido kamar na zare. A nan muka ƙulla abin da har yau ake kira jadawalin damina. Muka yi gayya muka gyara rufin kwatas, 'yan birni suka koma kwana huɗu a nan suna riƙe aikin safe, manoma su karɓe su bayan azahar. Da an kai amfani gida sai a juya, 'yan gari su riƙe safiya da ƙarshen mako, 'yan birni su sarara. Ba a littafin makaranta na karanto shi ba, kuma wallahi ina alfahari da shi. Tun daga lokacin mai biro uku ya koma sa wa kansa hannu shi kaɗai.

Saura Safara'u. Ita kaɗai ce ƙwararriyar ungozoma a asibitin, kuma bara takardarta ta fito, an mayar da ita birni. Ku fahimce ni, idan ta tafi ɗakin haihuwa ya zama ɗakin ajiye katifu. Ga hanyarmu, da ruwan Agusta ya sauka fadama take cinye ta, mai naƙuda sai dai a ɗora ta a amalanke a yi ta addu'a. Na bi ta har ɗakinta na same ta tana ɗaure kwanuka.

"Anti Safara'u, ki taimaka ki zauna."

"Sadiƙa, kowa da kika gani a nan jiran hanya yake. Ke ma rana ɗaya za a wayi gari a ce kin tafi."

"In kin zauna, na zauna. Shekara uku, ba inda za ni."

"Da bakinki?"

"Da bakina."

Ta kalle ni ta daɗe, sannan ta kwance ɗaurin kwanukan. Ba ita kaɗai ta zauna ba, sai da ta taso mijinta da keken ɗinkinsa daga Kurna, ta sa 'ya'yanta uku a firamaren garin. Ku riƙe wannan a ranku, don a kansa komai ya tsaya.

Yanzu bari in kawo muku Najib, na san shi kuke jira. Ɗan Makoɗa ne, ɗan gidan malamai, dogo, mai farin gilashi, mai maganar da ba ta tashin ƙuda. A hedikwatarmu ta birni yake aiki, a ofishin da ake rubuta takardun tura ma'aikata. Can muka haɗu ranar da na je roƙon a ƙara mana nas biyu. Ya cire gilashi ya ce, "Shekarata biyar a kujerar nan, ke ce ta farko da ta zo neman a kai mata mutane, ba a fito da ita ba." Nas ɗaya na samu, sai kuma lambar wayarsa da ban nema ba.

Kullum kafin in gama shan koko saƙonsa ya shigo: "An tashi lafiya, shugabar ma'aikata?" Ya koyi sa hula zanna bukar don ya burge mahaifiyata, Ya Amsa, haka kowa yake kiranta har mu 'ya'yanta. Ya kuwa burge ta. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, ina son sa, son da idan wayata ta yi ƙara a tsakiyar taro sai na ji kunyar yadda zuciyata take bugawa. Sau biyu ya taɓa ce min, "Bayan biki za mu san yadda za a yi da aikin nan naki." Na ce, "Aikina yana nan inda yake." Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kai mu." Ni kuma da wautata na ɗauka mun gama magana.

Ranar Asabar aka kawo kayan na-gani-ina-so gidanmu a Dawanau. Tun safe Ya Amsa ta turnuƙe gidan da turaren wuta, har maƙwabta suna leƙowa. Ni ina ƙuryar ɗaki cikin lafaya ruwan zuma, an zana min lalle har gwiwar hannu, an fesa min humra kamar za a sayar da ni. Ba a fitowa, sai dai ka kasa kunne ta labule. Ƙanwata Rumaisa ce take ɗaukar komai a waya.

Gwaggon Najib, Gwaggo Hure, ita take ɗaga kaya tana nunawa. Atamfa shida, leshi biyu, takalmi da jaka mahaɗi, mayafai, turaruka, ga goro da alewa a gefe. Ana ta sa albarka. Can na ji ta gyara murya.

"To jama'a, saura babbar. Yaron ya ce a ƙarƙashin atamfar ƙarshe take, kuma a buɗe ta a gaban kowa. Ina mai boko? Zo ki karanta mana."

Rumaisa ta karɓi ambulan ɗin ta yage. Ta karanta, sannan ta kurma ihu.

"Ya Amsa! An dawo da Yaya Sadiƙa birni! Babban asibiti! Tiransifa ce!"

Guɗar da aka rangaɗa a falon nan, na tabbata an ji ta har layin 'yan wake. Ni kuwa sai na ji kamar an kwara min ruwan randa. Rumaisa ta shigo da gudu ta cusa min takardar. Ba sai na karanta ba, na san zubinta, irinta nawa na huda na sa a fayil? Sunana ne, lambar aikina ce, kuma an ba ni kwana goma sha huɗu in kama aiki a sabon wuri. Daidai nan wayata ta yi ƙara, saƙon Najib ne.

"Kin ga tsarabar? Wata uku ina bin ta." Har da hoton fuska mai dariya.

Ban ba shi amsa ba. Kafin la'asar wani saƙon ya shigo, daga Safara'u. Ashe Rumaisa ta ɗora bidiyon a sitatus, kuma tun zuwan da ta yi min hutu suke da lambar juna. Kalma huɗu kawai ta rubuto: "Allah ya sanya alheri." Na fi son a ce zagi na ta yi.

Washegari da hantsi na sami Ya Amsa a tsakar gida tana tsince shinkafa, Baba yana kan tabarma yana jin rediyo. Na durƙusa na ce ba zan karɓi canjin ba.

Ta ajiye faifan. "Maimaita, ban ji ba."

"Na yi wa ungozomarmu alkawarin zan zauna, Ya Amsa."

"Alkawari! Dubi wuyanki, dubi yadda kika yi baƙi kamar gindin tukunya. Ruwan rijiya, ba wuta, ba asibitin kirki in ke kika kwanta. Mutane suna zubar da hawaye a kan takardar nan, ke an kawo miki har cikin akwati za ki ce a kai kasuwa? Na riga na buga wa dangi har Maiduguri! Kuma yaron nan fa? A gaban gwaggonninsa aka buɗe. So kike su dawo su kwashe akwatunansu in shiga ina da kunya?"

Idona ya cika. Ba ƙarya ta yi ba ko ɗaya, shi ya sa maganar ta yi min ciwo. Baba ya rage muryar rediyo.

"Ita matar, da bakinki kika ce mata za ki zauna?"

"Eh, Baba."

"Ta yi wani abu a kan maganar taki?"

"Ta taso mijinta da 'ya'yanta daga birni."

Ya daɗe yana murza carbi. "Ni dai a kasuwa, in na ce na sayar da safe, ko farashi ya ninka kafin azahar na sayar. Amma aure ba wake ba ne. In yaron ya janye, kada ki zo min da kuka."

"Alhaji, wannan ce gudummawar taka?" in ji Ya Amsa. Ya mayar da muryar rediyonsa.

Litinin na isa asibiti, Baba Dabo ya miƙe ya buɗe min ƙofa har da rusunawa, abin da bai taɓa yi ba. "Barka da arziki, Hajiya. An ce an koma cikin manya." Duk wanda na gamu da shi a baranda haka, gaisuwa mai kyau, fuska ba yabo ba fallasa. Ba wanda ya tsaya yi min ƙorafin an sa shi aikin Juma'a sau biyu, ba wanda ya biyo ni da maganar hutun haihuwar matarsa. A ranar na san ƙorafin nan da yake isa ta, ashe shi ne alamar ana yi da kai.

Na buɗe ofis. A kan teburina takardu ne a jere, an ɗora musu dutse kada iska ta kwashe. Na ƙirga, goma sha ɗaya, duk na neman canji. Mai gwajin jini, nas biyu, mai ba da magani, har yarinyar da ke yanka kati. Ta Safara'u ce a sama, da rubutunta mai kwanciya.

Ban ga laifinsu ba. Ni na hana su tafiya, ni na ce musu wurin nan zai gyaru in mun tsaya, sai ga bidiyona ana guɗa. Na zauna na ciro farar takarda na rubuta wa hedikwata roƙon a soke canjin da aka yi min, a bar ni inda nake. Na san teburin da za ta fara sauka a kai. Na kai wa likitanmu ya sa hannu, ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ya sa kawai kafin in canza ra'ayi.

Da azahar, lokacin da 'yan safe suke miƙa wa manoma aiki, na sa aka tara kowa a gindin darbejiya. Na karanta musu takardar tawa daga farko har ƙarshe. Na ce, "Ban nemi canji ba, ban san da shi ba, kuma ga amsata. Gobe likita zai kai ta." Baba Dabo ya ce, "Allahu akbar," a hankali. Ina jira a yi tafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai Safara'u ta gyara hijabinta ta ce:

"Rubutawa daban, amincewa daban. Wa zai karɓe ta a can?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba:

"Ba mutumin naki ba ne? To tawa tana nan a teburinki. Ranar da amsar taki ta dawo, na zo na ɗauka."

Ta juya ta koma ɗakin haihuwa. Na ji zafi, amma da ni ce ita, abin da zan faɗa ke nan.

Laraba ranar kasuwar garin ce, ranar da asibiti yake cika har waje. Wajen sha ɗaya na hango motar Sabiru ta tsaya, sai ga Najib yana saukowa cikin farar shadda, taɓo ya yi mata ado har gwiwa, don sai da fasinjoji suka tura motar a fadama. Ya nufo ofishina kai tsaye, Baba Dabo ya tare shi da sanda.

"Malam, layi."

"Wurin Sadiƙa na zo. Daga hedikwata nake."

"Madalla. Waɗannan ma daga gidajensu suke. Layi."

Ya sani sarai ko wane ne, tsohon nan. Ni ma ina gani ta taga, kuma Allah ya yafe min, ban fita ba. Ina da mutum huɗu a gabana: masu shara biyu da suka yi faɗa a kan tsintsiya, nas ɗin da ɗanta ba lafiya tana neman wanda zai karɓe ta, da direban motar asibiti da ya zo da ƙorafin taya. Sai da na sallame su tas. Kusan awa guda Najib yana kan benci tsakanin wata tsohuwa mai tari da wani mai ɗaurin karaya.

Da ya shigo bai zauna ba. Ya zaro takardata daga aljihu, a ninke huɗu, ya ajiye a kan tebur.

"Jiya ta iso hannuna. Ban shigar da ita ba, ba wanda ya gani. Ki karɓi abarki."

"Ba tawa ba ce yanzu, ta ofis ce."

"Sadiƙa, kin san abin da na yi kafin takardar can ta fito? Wata uku ina rusuna wa maigidana. Mutum nawa na tsallake? Yanzu in koma in ce masa yarinyar ta ce ba ta so? Gwaggo Hure fa, me zan ce mata?"

"Da ka tambaye ni, da duk ba a yi haka ba."

"Kyauta ake tambaya?"

"Atamfa ce ba a tambaya. Wannan rayuwata ce ka ninke ka sa a akwati."

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. Muryarsa ta sauka. "A ƙauye aka haife ni, ba labari ake ba ni ba. Na ga yadda mahaifiyata ta tsufa a bakin rijiya. Na yi rantsuwa matata ba za ta yi wannan rayuwar ba. Laifi ne?"

Nan fa zuciyata ta karye, saura kaɗan in miƙa hannu in ɗauke takardar. Wallahi saura kaɗan. Sai idona ya sauka a kan guda goma sha ɗayan nan da dutse a kansu. Na juya su na tura gabansa.

"Karanta sunayen. In na tafi, duk waɗannan teburinka za su zo, kowa da katin babbansa, kuma ka san za ku sa hannu. Ta saman nan ita kaɗai ce ungozomarmu. Haihuwa arba'in da ɗaya ta karɓa watan jiya. Ta taso gidanta kaf saboda kalma ɗaya da na faɗa mata. Najib, in na karya wannan alkawarin don in aure ka, kai da wane ido za ka kalli wanda zan yi maka?"

Ya daɗe yana kallon rubutun Safara'u.

"Saura nawa a shekara ukun?"

"Biyu."

"Shekara biyu," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana magani. Ya ɗauki takardata ya mayar aljihu. Na ce ya tsaya a kawo masa fura, ya ce ya gode. Ta taga na ga ya tsaya a bakin ƙofa, Baba Dabo yana nuna masa wani abu da sanda, can wajen ɗakin haihuwa inda mata suke zaune a kan tabarmi har gindin katanga. Daga nan ya hau acaɓa ya tafi.

Alhamis ba saƙo. Juma'a ba saƙo. Na sha koko ina kallon waya kamar wadda aka yi wa asiri. Rumaisa ta rubuto min cewa Ya Amsa ta sa an sauko da akwatunan daga kan sif an jera a bakin ƙofa, wai don in masu kaya sun zo kada a wahalar da su. Ta ƙara da, "Yaya, ki ba shi haƙuri mana, irin su Ya Najib ba a samun su a kan hanya." Na rubuta amsa mai zafi na goge, don ta faɗi gaskiya. Na yi kuka ranar Asabar, na wanke fuskata, na fito na liƙa jadawalin maimai a allon sanarwa, don ciyawa ba ta san ana soyayya ba.

Abin da ya fi damuna, kwanakin suna tafiya. Idan ya danne takardata a aljihu har sha huɗun suka cika, doka ta ce in tattara in tafi, ko in zama mai laifi. Ba sai ya yi faɗa da ni ba, shiru kawai zai yi ya ci nasara. Na san haka, ya san na sani.

Litinin da hantsi ina cike takardar hutun wani, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Najib. Takardata ce, duk alamun ninkin nan huɗu suna nan, amma an buga mata hatimin karɓa. A gefe da jan biro, rubutun maigidansa: an amince, ta ci gaba da zama a inda take.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Takalmi ɗaya na saka, ɗayan na bar shi a ƙarƙashin tebur. Na sami Safara'u tana wanke hannu, na miƙa mata wayar ba magana. Ta goge hannunta a jikin riga, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta karanta jan rubutun har sau biyu. Ta wuce ni ta nufi ofishina, ina biye da ita ina ɗingishi. Ta ɗaga dutsen, ta zare takardarta, ta ninke ta ta cusa a aljihu.

"Zan riƙa kunna risho da ita," ta ce. Sai ta rungume ni, tana warin sabulun asibiti, ta raɗa min a kunne, "Ke 'yar halak ce."

'Yan'uwa, an ba ni takardar shaidar digiri a gaban dubban mutane, ban ji abin da na ji a ofishin nan ba. Kafin la'asar saura takarda biyu a ƙarƙashin dutsen, kuma mai gwajin jini ya dawo min da ƙorafinsa na aikin Juma'a, har yana buga tebur. Ban taɓa jin daɗin masifar mutum irin ta ranar ba.

Amma hoton shi kaɗai ya zo. Ba gaisuwa, ba "shugabar ma'aikata", ba fuska mai dariya. Na ce a raina, shi ke nan, ya yi min adalci ya kuma sallame ni. Na rubuta "Na gode," na aika. Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na kifa wayar a kan tebur na ce ba zan duba ba, na kuma duba.

"Tambaya gare ni, ta aiki."

"Ina ji."

"Motar farko daga garin nan zuwa Kano, ƙarfe nawa take tashi da safe?"

Na karanta sau uku kafin in gane. Shekara biyu ina faɗa da mutanen da suke kwana a birni su zo aiki ƙauye, ban taɓa tunanin akwai wanda zai kwana a ƙauye ya tafi aiki birni ba. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar, na share da gefen mayafi, na rubuta:

"Shida saura kwata. Ranar kasuwa a kan buhu ake zama, kuma in an zo fadama kowa sauka yake ya tura."

Amsarsa ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

"Na riga na san turin. Ki tambayar min Baba Dabo ko akwai gidan haya mai rijiya a ciki. Kuma wannan karon ki lura, tambayarki nake yi."